Tambayoyi da amsoshi kan karɓar dokin hawa da aka ceto, mai lalurar kofato da ta abinci

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu shirin karɓar dokin da aka ceto daga yunwa ko sakaci, da masu nema wa irin wannan doki inda zai zauna. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa abinci da kofato, domin a nan ne yawancin dawakan ke warkewa ko su lalace. Babu amsar da za ta maye gurbin likitan dabbobin da ya ga dokin da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa.

Wane ne dokin da aka ceto, kuma mece ce lalurarsa ta musamman?

Shi ne dokin da aka karɓe daga hannun da ya kasa riƙe shi. Wani an bar shi da yunwa, wani an yi shekara ba a ɗaga ƙafarsa an duba ba, wani kuma mai shi ne ya tsufa, ko ya rasu, ko abin hannunsa ya ƙare. Ba kullum mugunta ce ke jawo haka ba, sau da yawa rashin sani ne da rashin hali.

Iri biyu aka fi gani. Akwai ramamme, wanda za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Akwai kuma wanda aka cika da hatsi da ɗanyar ciyawa ba tare da aiki ba, ya yi ƙiba har kofatonsa ya kamu. Mutane sun fi jin tausayin na farko, amma na biyun ne ya fi wuyar riƙewa, domin lalurarsa takan bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abincin da ke raya ɗaya yana iya gurgunta ɗayan, don haka abu na farko shi ne ka san wanne ne a hannunka.

Ban taɓa riƙe doki ba. Zan iya farawa da irin wannan?

A ganina kada ka fara da shi kai kaɗai. Dokin da ke da ciwon kofato yana bukatar idon da ya san tafiyar lafiyayyen doki, don ya gane ranar da tafiyar ta canza. Idan kana da gogaggen mutum da zai riƙa leƙo ku a kai a kai, da likita, da mai gyaran kofato da ke iya zuwa duk wata, to kana iya gwadawa. Ka tuna doki yana kai shekara 25 zuwa 30, kuma kuɗin karɓarsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe masa.

Me zan tambaya kafin in ce na amince?

Ka tambayi tarihin ƙafarsa dalla-dalla: ya taɓa kamuwa da laminaitis (ciwon da ke lalata naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato), sau nawa, a wane lokaci na shekara, kuma an ɗauki hoton ƙashin kofaton? Idan an ɗauka, ka karɓi hoton ka nuna wa likitanka. Ka tambayi abin da yake ci a yanzu da awonsa a kilo, ba "ɗan kaɗan" ko "cikin kwano" ba. Ka tambayi magungunan da yake sha, da ranar da aka yi masa rigakafi, da ranar da aka duba haƙoransa, da ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki.

Sannan ka je ka gan shi yana tafiya a kan ƙasa mai tauri, a miƙe da kuma a juye. Doki mai ciwon kofato yana iya ɓoye shi a kan yashi, amma idan aka ce ya juya a ƙaramin wuri a kan daɓe sai ka ga yana ɗaga ƙafa da ƙyar, yana taka ƙasa da tsoro. Ka tambaya kai tsaye ko an ba shi maganin kashe zafi a ranar, domin maganin yana rufe ɗingishi. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Dokin zai zama nawa ne, ko riƙo aka ba ni?

Ya danganta da inda ka karɓe shi, kuma dole a rubuta. Wasu ƙungiyoyin ceto, irin su World Horse Welfare ta Ingila wadda aka kafa a 1927, suna ba da dawakansu riƙo ne, mallakar tana hannunsu, suna zuwa dubawa lokaci zuwa lokaci, kuma suna karɓar dokin idan mai riƙon ya gaza. Wasu kuma suna sakin mallakar bayan wani wa'adi. Ko tsakanin mutum da mutum ne, a rubuta wa zai biya likita, wane aiki aka yarda dokin ya yi, an hana sayar da shi ko ba a hana ba, kuma wa ke da ta cewa idan ciwo ya kai inda ba magani. Tambayar ƙarshe ta wannan shafi ta koma kan wannan.

Wane shiri zan yi kafin ya iso, kuma yaya makonnin farko za su kasance?

Ka tanadi wuri busasshe mai inuwa, da shimfiɗa mai laushi da kauri, da fili marar ciyawa inda zai riƙa motsa ƙafa. Ka karɓo abincin da ya saba ci wanda zai kai mako biyu, don kada sauyin gida da sauyin abinci su haɗu masa a rana ɗaya. Ka sayi ma'aunin rataye na auna ciyawa, da ma'aunin zafin jiki, da ƙugiyar share kofato.

Idan kana da wasu dawakai, ka killace baƙon mako uku, da bokitinsa da ragamarsa daban, domin akwai cututtukan hanci da maƙogwaro da doki ke ɗauke da su ba tare da alama ba. Ka riƙa auna zafinsa safe da yamma. Na lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashi 8 zuwa 16. Ka rubuta a littafi, ka haɗa da yawan kashinsa da ruwan da ya sha. Idan ba a san tarihin rigakafinsa ba, a fara da na tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, domin dawakai na saurin kamuwa da ita ta hanyar rauni a kofato. Bayan killacewar, a bar shi ya saba da sauran ta kan shinge kafin a haɗa su. Doki dabba ce ta garke, kaɗaici mai daɗewa yana hana shi ci.

Yaya zan san ko ya rame ko ya yi ƙiba, ba da ido kawai ba?

Akwai ma'aunin da Don Henneke ya fitar a Jami'ar Texas A&M ta Amurka a 1983, daga 1 zuwa 9. Lamba 1 ƙashi ne da fata, 5 daidai, 9 kuma ƙiba ce ta fitar hankali. Ana shafa wurare shida da hannu: wuya, da tozo, da bayan kafaɗa, da haƙarƙari, da gadon baya, da gindin wutsiya. A lamba 5 ba ka ganin haƙarƙari amma kana jin su da zarar ka shafa. Hannu ake sa wa, domin gashi yana ruɗi, kuma babban ciki ba ƙiba ba ne. Doki mai tsutsa yana iya zama da tumbi alhali bayansa duk ƙashi ne.

Nauyi kuma ana kintatarsa da igiyar awo. Ka auna zagayen ƙirjinsa a wurin da majanyi ke bi, a santimita, ka ninka adadin da kansa, ka sake ninkawa da tsawon jikinsa daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, ka raba da 11,877. Abin da ya fito shi ne nauyinsa a kilo, kusa-kusa. Duk lissafin abinci da magani da hawa da ke ƙasa a kan wannan adadi yake.

Ya zo a rame ƙwarai. Me ya sa ake hana ni in cika masa abinci?

Domin a nan ne tausayi ke kashe doki. Dokin da ya daɗe cikin yunwa ya cinye kitsensa, ya koma cin tsokarsa, ma'adinan jikinsa sun yi ƙasa. Idan hatsi ya shiga cikinsa kwatsam, sukari ya hau a jini, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukari, ya yi tsalle ya tura sukarin cikin ƙwayoyin jiki, ya tafi da fosfaros da fotashiyam da magniziyam ɗin da suka rage a jinin. Zuciya da huhu da ƙoda ba sa aiki sai da su. Abin baƙin cikin shi ne dokin yakan yi kamar ya fara farfaɗowa, yana ci da marmari, yana haniniya idan ya ga mai abinci, sai a kwana na uku zuwa na biyar ya faɗi ya kasa tashi.

Tsarin da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar shi ne aka fi bi. A kwana ukun farko, a ba babban doki kusan rabin kilo na busasshiyar alfalfa mai ganye (wata irin harawa ce ta dabbobi) duk bayan awa 4, dare da rana. Daga kwana na 4 zuwa na 10 a riƙa ƙara yawa ana rage sau nawa, har a kai kusan kilo 2 duk bayan awa 8. Bayan kwana 10 a bar shi ya ci gwargwadon yadda yake so. An zaɓi alfalfa ne saboda sitacinta kaɗan ne, furotin da ma'adinanta kuma suna da yawa. Inda babu ita, likita ya zaɓi busasshiyar ciyawa mai kyau da za ta tsaya a madadinta. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Hatsi da duk wani abu mai zaƙi su jira.

Kafin irin wannan doki ya koma jikinsa sai an yi wata 3 zuwa 5. Maƙwabta za su ce kana yi masa rowa. Ka nuna musu littafin awonka, ka ci gaba.

Bayan ya farfaɗo, nawa ne abincinsa na yau da kullum?

Ginshiƙin abincin doki ciyawa ce. Yana bukatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum, wato dokin kilo 400 zai ci kilo 6 zuwa 8. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma yana fitar da ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu. Shi ya sa barinsa awanni da yawa ba abin tauna ke jawo masa gyambon ciki. A rarraba ciyawar sau da yawa, ko a zuba a raga mai ƙananan ramuka don ta daɗe a gabansa. Ruwa kusan lita 5 ne ga kowane kilo 100 na nauyinsa, kuma yana iya ninkawa a zafi ko bayan aiki. A ajiye masa gishirin lasa.

Duk sauyin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 14, domin ƙwayoyin halittar da ke narka ciyawa a babban hanjinsa su saba. Doki ba ya amai, abin da ya shiga sai ya bi ta hanji. Kada a ba shi ciyawa mai hunhuna, ko yankakkiyar ɗanyar ciyawar da aka tara ta yi zafi. Kada a kuskura a ba shi haɗaɗɗen abincin shanu ko na kaji: wasunsu na ɗauke da sinadarin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Mece ce laminaitis?

A cikin kowane kofato akwai ƙashin ƙarshen ƙafa, kuma ba a ƙasa yake zaune ba, rataye yake a jikin bangon kofaton ta wasu siraran ganyayyakin nama, kusan 600, da suka sarƙe da juna, kamar yadda farce ke manne da naman yatsa. Nauyin dokin gaba ɗaya a kansu yake. Laminaitis ita ce lalacewar waɗannan ganyayyaki. Idan suka saki, ƙashin yakan karkata bakinsa ya kalli ƙasa, ko ya nutse baki ɗaya, a mafi muni har ya huda tafin kofaton. Ta fi kama ƙafafun gaba, waɗanda ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jiki. Zafinta mai tsanani ne, kuma dokin da ta taɓa kamawa yana cikin haɗarin ta dawo.

Me ya haɗa abin da doki ya ci da kofatonsa?

Insulin ne ya haɗa su. Kusan tara cikin goma na masu laminaitis, asalin ciwon daga yawan insulin a jini ne, kuma cututtuka biyu ke kawo haka. Ta farko tana kama dawakai masu saurin ƙiba: za ka ga kitse ya taru ya yi tauri a doron wuya ƙarƙashin geza, da gindin wutsiya, da saman idanu. Ta biyu, wadda aka fi sani da cutar Kushin, daga wata ƙaramar gaɓa ce ta jiki da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma tana kama kusan ɗaya cikin biyar na dawakan da suka haura shekara 15. Alamarta dogon gashi mai murɗewa wanda ba ya zuba a lokacinsa, da zubewar tsokar baya, da yawan sha da fitsari. Gwajin jini ne ke tabbatar da kowacce. Ta biyun tana da magani mai suna pergolide, wanda ake sha kullum har ƙarshen rai.

Akwai wasu hanyoyin: doki ya kwance ya faɗa wa buhun hatsi, ko goɗiya ta haihu mahaifa ta maƙale, ko zazzaɓi mai tsanani, ko ƙafa ɗaya ta daɗe tana ɗauke da nauyi saboda ɗayar ta ji ciwo. Amma ga dokin da aka ce maka "ƙafarsa takan tashi duk shekara", ka fara da gwajin jini. Gyaran kofato kaɗai ba zai riƙe ba muddin jinin bai daidaita ba.

Da me zan gane ta taso, kuma me zan yi kafin likita ya iso?

Ka mayar da shafa kofato al'adarka ta kowace safiya. Ka ɗora tafin hannu a kan bangon ka ji ɗuminsa, ka sa yatsu biyu a bayan gaɓar da ke saman kofaton ka nemi jijiyar jini. A lafiyayye da ƙyar za ka ji bugunta. Idan ta fara harbi da ƙarfi a ƙafafu biyu, ga kofato da zafi, to akwai magana. Sauran alamun su ne gajeren taku, da ƙin juyawa, da sauya ƙafa a tsaye, da yawan kwanciya, da tsayuwar nan da ba a mantawa: ya miƙa ƙafafun gaba can gaba, ya jingina nauyinsa baya, yana neman ɗauke shi daga bakin kofato. Tsohon ciwo kuma yakan bar zobba-zobba a bangon kofato, waɗanda suka matsu a gaba suka buɗe a dunduniya.

Ka kira likita a take, wannan ba ciwon "bari mu gani zuwa gobe" ba ne. Kada ka tilasta masa tafiya, domin kowane taku yana ƙara yaga ganyayyakin. Ka tsayar da shi a kan yashi ko shimfiɗa mai kauri, ka janye hatsi da ɗanyar ciyawa, ka bar masa jiƙaƙƙiyar busasshiyar ciyawa da ruwa kusa da bakinsa. Sanya ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara yana taimakawa sosai idan an yi da wuri, musamman ga wanda ya ci hatsi ya wuce kima. Maganin kashe zafi sai da awon likita, domin yawansa yana cin tumbi da ƙoda. Likitoci da yawa suna cewa a ci gaba da tsare shi a barga wata guda bayan ya daina ɗingishi ba tare da magani ba.

Yaya ake ciyar da dokin da ke da wannan lalura? Zai sake kiwo?

Abincinsa busasshiyar ciyawa ce wadda sukari da sitacinta ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ido ba ya gane wannan, sai gwaji. Inda ba a iya gwadawa, a jiƙa ciyawar a ruwa minti 30 zuwa 60, a tsane, a zubar da ruwan inda ba zai sha ba. A jiƙa ta ci ɗaya kawai, domin a lokacin zafi tana saurin tsami. Jiƙon yana wanke wasu ma'adinai, don haka a haɗa masa da ɗan ƙarin bitamin da ma'adinai marar hatsi. Idan rage ƙiba ake so, a tsaya a kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa, kada a yi ƙasa da haka sai da izinin likita. Hora mai ƙiba da yunwa yana sa kitse ya kwararo cikin jini ya lalata hanta, musamman a ƙananan dawakai.

Kiwo sai likita ya yarda, kuma da ƙa'ida. Ciyawa tana tara sukari da rana ta ƙone shi da dare, don haka ya fi ƙaranci da asuba, ya fi yawa da la'asar. Idan dare ya yi sanyi ƙwarai ba ta ƙone shi, sai ta wayi gari a cike. Sabon tsiron bayan ruwan sama da guntuwar ciyawar da fari ya matsa duk suna da haɗari. Takunkumin kiwo mai ƙaramin rami a ƙasa yana rage cin sosai, amma a tabbata yana iya shan ruwa da shi, kuma a cire masa bayan wasu awanni. Wasu dawakan ba za su sake taka ɗanyar ciyawa ba, kuma suna rayuwa lafiya a fili marar ciyawa muddin akwai abokin zama da wurin motsi. Ka gargaɗi yara da baƙi: abin da suke miƙa masa ta kan shinge don ƙauna yana iya kwantar da shi wata guda.

Kofatonsa ya yi tsawo har ya lanƙwashe sama. A yanke shi lokaci ɗaya?

Wannan hukuncin mai gyaran kofato ne tare da likita, kuma zai fi kyau a yanke shi bayan an ga hoton ƙashi. A kofaton da ya daɗe a haka, ƙashin ba lallai ne yana inda ake zato ba, jijiyoyi da gaɓoɓi kuma sun saba da karkatacciyar tsayuwa. Yawanci ana rage tsawon bakin a zama na farko, sannan a bi dunduniya da tafin a hankali a zama da dama. Mai hanzarin ganin kofato ya yi kyau a rana ɗaya yakan cinye tafin, dokin ya kasa taka ƙasa.

Bango yana tsiro daga sama, milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma kafin sabon kofato ya sauka daga layin gashi zuwa ƙasa sai wata 9 zuwa 12. Lafiyayyen doki ana gyara masa duk mako 6 zuwa 8, mai laminaitis kuma duk mako 4 zuwa 6, domin dunduniyarsa ta fi bakin saurin tsiro. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane kofato ta gefe da ta ƙasa bayan kowane gyara. Idan ka ga sabon tsiro na saukowa sumul ba zobba, tsarin abincin da aka yi bayani a sama yana aiki.

A sa masa takalmi ko a bar shi haka?

Babu amsa ɗaya. Mai siririn tafi da ke aiki a kan duwatsu yana bukatar kariya, ko takalmin ƙarfe, ko wanda ake mannawa da gam idan bangon ba zai riƙe ƙusa ba, ko takalmin roba mai matashi a ciki da ake sawa a cire. Na robar yana da amfani a lokacin jinya, amma a riƙa cire shi kullum ana busar da ƙafar. Gyaran da ke ƙarƙashin takalmin ya fi takalmin muhimmanci.

Ina jin wari a tafin kofatonsa, ga wani baƙin ruwa. Mene ne?

Ruɓewar naman nan ne mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin, kuma tsayuwa cikin kashi da fitsari ke kawo ta. A share kofato kullum tun daga dunduniya zuwa baki, a kai ƙugiya har cikin kwarin da ke gefe da gefe, mai gyara ya yanke ruɓaɓɓen, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a gyara wurin kwana ya bushe. Ta bambanta da ƙurjin cikin kofato, wanda ke zuwa kwatsam a ƙafa ɗaya, doki ya ƙi taka ta kamar ya karye. Shi sai an buɗe masa hanya mugunya ta fita, kuma yana yawan biyo bayan laminaitis. Idan ƙusa ce ta shiga tafin, kada ka zare ta kafin ka yi magana da likita, yana bukatar sanin zurfinta da inda ta nufa.

Magungunan ƙarfafa kofato suna aiki?

Biotin, wani nau'in bitamin, miligiram 15 zuwa 20 a kullum, yana inganta kofaton wasu dawakan, amma sabon tsiro kawai yake shafa, don haka sai an yi watanni kafin a gani. Ba ya gyara tsagar da ta riga ta faru. Kada a tara magunguna iri-iri a kwano ɗaya: yawan sinadarin seleniyam yana tsattsaga kofato ya zubar da geza da wutsiya.

Yana ci sosai amma ya ƙi yin jiki. Ina matsalar?

Ka fara da baki. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa suna gogewa, kuma sukan yi kaifi su yanki kumatu da harshe. Idan kana tsintar dunƙulen ciyawar da aka tauna aka tofar a ƙasa, ko dogayen zaruruwa a kashinsa, a duba haƙora, kuma a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsohon da haƙoransa suka ƙare yana bukatar niƙaƙƙiyar ciyawa da aka jiƙa ta yi laushi.

Sai tsutsa. A kai kashinsa a ƙirga ƙwan tsutsa, likita ya zaɓi magani da lokacinsa. Ramammen doki mai tsutsa da yawa, idan aka kashe su gaba ɗaya tun bai yi ƙarfi ba, hanjinsa na iya toshewa ko ya kumbura. Idan an gama da waɗannan biyun, a nemi gyambon ciki, da cutar Kushin da aka yi bayani a sama, da ciwon da ke cinsa a ɓoye. A kuma tsaya a kalli lokacin cin abinci, wataƙila wani doki ne ke korarsa.

Ba ya yarda a ɗaga ƙafarsa, yana harbi. Mugun hali ne?

Sau da yawa ciwo ne. Idan ka ɗaga ƙafa ɗaya, nauyin ya koma kan ɗayar mai ciwo. Ka tsayar da shi a wuri mai laushi, ka ɗaga na ɗan lokaci kaɗan, ka ajiye da kanka tun kafin ya fizge, ka maimaita kullum. Duka yana ƙara masa tabbacin cewa hannu a ƙafa azaba ce. Idan gyaran ba zai jira ba, likita ya ba shi maganin kwantar da jiki.

Yaushe zan ɗora masa sirdi?

Sai ya kai lamba 4 zuwa 5 a ma'aunin Henneke, tsoka ta rufe ƙashin baya, yana tafiya yana juyawa a ƙasa mai tauri ba ɗingishi ba magani, kuma likita da mai gyaran kofato sun amince. Wanda ƙashinsa ya karkata yakan jira sabon kofato ya sauka sosai. A fara da jansa da ragama minti 10, a riƙa ƙarawa mako-mako, sannan hawa a tafiyar ƙafa a ƙasa mai laushi. Sukuwa ita ce ta ƙarshe. Mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin, ga mai murmurewa kuma 15 ya fi: dokin kilo 400 ke nan kilo 60. Bayansa zai riƙa sauya siffa, don haka a sake gwada sirdin duk bayan 'yan watanni. Washegarin kowane hawa ka shafa kofato ka nemi bugun jijiyar nan. Wasu ba za su sake ɗaukar mutum ba, kuma gara ka amince da yiwuwar haka tun kafin ka karɓe shi.

Ni ne nake nema wa dokin gida. Yaya zan zaɓa?

Ka faɗi lalurarsa gaba ɗaya tun a maganar farko. Wanda gaskiya ta kora, da ma ba zai riƙe shi ba. Ka je ka ga wurin, ka kalli kofaton dawakan da ke can, shi zai gaya maka yadda za a riƙe naka. Ka tambayi wa ke ba da abinci ranar da mai gida ba ya nan, domin a irin wannan rana ake yin kuskure. Ka miƙa dokin da takarda mai awon abincinsa, da magungunansa, da ranar gyara ta gaba, da hotunan ƙashi, kuma a yi gwajin wata uku kafin a rufe magana. Ka yi hattara da wanda ya amsa komai da sauri bai tambayi komai ba. Dokin da aka bayar kyauta ba yarjejeniya yana iya sauya hannu sau da yawa, ya ƙare a inda aka ceto shi.

Idan na gaza, ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa fa?

Idan kai ne ka gaza, ka yi magana da wuri, tun dokin yana da jikinsa, ka mayar da shi inda yarjejeniya ta ce. Ba abin kunya ba ne. Idan kuma ciwon ne, ka zauna da likita ku duba abin da ke gabanku: yana tashi da kansa, yana ci, yana iya zuwa wurin ruwa, kwanakin sauƙinsa sun fi na wahala yawa? Dokin da ƙashinsa ya nutse ko ya huda tafi, yana kwance yawancin yini, gyambo ya fara cin kwatangwalonsa, magani kuma ya daina riƙe zafin, likita na iya ba da shawarar a kawo ƙarshen wahalarsa ta hanyar da ba azaba. Ka nemi ra'ayin likita na biyu idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sanar da wanda ya ba ka dokin, kuma a tsayar da wa'adi na kwanaki ƙayyadaddu da za a sake dubawa a yanke shawara.